Ba Zan Sake Tsayawa Takara Ba

Ƙanena Sule,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ƙafarta, yaya iyali da damina?

Jiya alhazan garinmu suka same ni a shagon yadin da nake jira a kasuwar Bab Makka. Wai tunda soja za su sauka, in dawo in sake neman majalisa. Babbansu ya ce, "Alhaji, kai ka hana a nome mana burtalin shanu."

Na ce masa halas, wato shi ke nan, na gaji. Garkena na sayar na shiga majalisa a Kaduna, soja suka rushe ta, na tashi ba shanu ba kujera. Da alhazan suka tafi, kewar shanun na yi, ba ta Kaduna ba.

A sa ni a addu'a. Ka gaida kowa.

Yayanka Bello, Jidda