Rasuwar Dokta Ja'afaru Dogara, Wanda Ya Karanta Gilashinsa da Kansa

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Likitocin Ɗakin Gwaji, reshen Zariya, ta sami labarin rasuwar malaminta kuma tsohon shugabanta, Alhaji Dokta Ja'afaru Dogara, ranar Talata, 9 ga Maris, 1993, a gidansa da ke Kusfa, bayan jinyar sankarar huhu.

Shekara ashirin da biyu marigayin ya yi yana duƙe a kan madubin gwaji. A zamanin da duk mai tarin jini ake ɗora shi kan allurar tibi, wato tarin fuka, shi ne ya dage sai an gutsuro tsokar huhu an shimfiɗa a gilashi an duba. Ya koya mana gane irin sankarar da likitoci ke kira sikwamos, wadda ƙwayoyinta ke nannaɗe juna kamar an yanka albasa, tsakiyarsu ta kama jan rini. Duk wanda ya gani ya yi inda-inda, sai Malam ya mayar masa da takardarsa ba ko sannu.

Akwai abin da ƙungiya ba za ta ɓoye ba. Bara, da tari ya ci ƙarfin Malam, gilashin tsokar huhunsa ya zo hannunmu mu uku, dukanmu ɗalibansa. Mun ga albasar nan ƙuru-ƙuru. Amma nauyin malami ya hana mu rubutawa, muka ce a sake gwaji, aka ci gaba da yi masa allurar tibi har mako shida. Da ya gaji, ya sa aka kawo masa gilashin har ofis, ya duba, ya rubuta sunan cutar da hannunsa, ya sa hannu. Bai yi mana faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mana ciwo.

Muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, Hajiya Ummukulsum, da 'ya'yansa, da ɗaukacin jama'ar Kusfa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa jinya ta zama kaffara, Ya ba iyalinsa juriyar wannan rashi. Hajiya, ke kika yi ta ɗawainiya da shi zuwa wurin allura a waɗancan makonni shida, kina sa ran sauƙi, alhali mun sani. Muna roƙon ki yafe mana.

Dokta Mustapha Jalo
Sakataren Watsa Labarai
Ƙungiyar Likitocin Ɗakin Gwaji, reshen Zariya