Bindigar da Ka Zaɓa wa Habu

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya. Ina Anti Ladi da yara? Ya ciwon ƙafar? Mu nan unguwar Malam Inna mun gode Allah, amma raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Kai ka ce wa ɗana Habu a waya ya sayi bindigar nan mai araha ta ƙasar waje, wai duk ɗaya suke da mai tsada. To, ba ɗaya ba ne. Ranar da maharban unguwa suka fita gwaji, ta abokinsa mai tsada ta tashi lafiya lau, tasa kuwa ta fashe a hannunsa. Yatsu biyu aka ɗinke masa, a hannun da yake riƙe almakashi a shagon ɗinki.

Mazan da suka zo dubiya suka ƙara ƙona min rai. Ko sannu ba su gama ba suka hau gardama, wai wannan ƙarfenta ya fi kauri, waccan ba ta cijewa. Habu na kwance yana gyaɗa musu kai! Na ce, "Malamai, dubiya kuka zo ko talla?"

Na san zai kira ka, ka taimaka masa ya sayi mai tsadar. Yaya, kada ka soma. Mai araha ko mai tsada, ba wadda za ta sake shiga gidana.

Ka sa shi a addu'a, Allah ya sa yatsun su lanƙwasu. A gai da kowa.

Ƙanwarka,
Hajara