Kajinki Sun Fara Mutuwa, Inna

Assalamu alaikum Inna,

Na san takardar nan ba za ta taɓa isa hannunki ba. Tsoro ne ya cika min ciki, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Kajinki ne, Inna. Tun da kika tafi ban bar kaskonsu ya bushe ba, kullum sai na wanke shi na mayar gindin darbejiya. Sai ran Alhamis na ga wani jan zakara a kasuwar Maigatari, ya burge ni, na saya. Ina dawowa na sake shi cikinsu. Na manta ke baƙuwar kaza bayan rumbu kike ɗaure ta, da kaskonta daban, sai kin ga lafiyarta. Ni da rawar kaina na haɗa su ruwa ɗaya.

Zakaran ne ya fara mutuwa. Yanzu sauran sai su saki fukafukai suna gyangyaɗi da rana tsaka. Me kike jiƙa musu ne, wanda ruwan ke yin ja? Ɓawon maɗaci ne? Ban taɓa tambayarki ba, ina can ina miki tsiya wai kin fi son kaji a kanmu. Malamin dabbobi a Gumel ya ce rigakafi ba ya tayar da wadda ta riga ta kamu.

Baba nake ji wa tsoro. Ya daina zama a majalisa, daga masallaci sai ɗaki, tuwon da na kai masa haka yake dawowa. Abu ɗaya ke zaunar da shi tsakar gida: da safe ya ɗauki ƙwaryarki ya watsa musu tsaki, yana kiransu da irin kiranki. Sai sun ci yake yarda ya sha koko. Duk wadda ta mutu binne ta nake kafin ya gani, in ce masa muzuru ne. Allah ya yafe min.

Yau kazar nan taki wake-wake ba ta taso ba. Ya daɗe tsaye yana kiranta, kokon ya huce bai taɓa ba. Inna, ranar da zai fito da ƙwarya ya yi kira babu mai tahowa, da me zan riƙe shi?

Allah ya kai haske kabarinki.

'Yarki Ladidi,
daga Gagarawa