Garin Haske a Tandun Baba

Gumel, Asabar

Zuwa ga Yaya Bahauddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ya karatu, ya sanyin ƙasar mutane? Mu nan sai godiya. Damina ta zauna, geron gonarmu ta Gagarawa ya kai gwiwa.

Kwalbar garin da ka ba Alhaji Sabo, aminin Baba, ta iso. Da na buɗe na ce ashe duk shekarun nan toka ka tafi gasawa. Amma na bi yadda ka ce: na shanya a rana, na kira Baba ɗaki, na rufe taga. Yaya, sai ga haske kore shar, ba wuta ba batir! Baba ya kai kwalbar dab da idonsa na dama, wanda yanar ido ba ta gama rufewa ba, ya ce wallahi ya gani. Rabona da jin dariyarsa haka tun rasuwar Inna.

Na fara yi masa bayaninka, cewa ɗan ma'adinin nan yurofiyam da ka haɗa ne ke sa garin ya sha rana ya riƙe, ya riƙa sakinta a hankali. Bai bari na ƙarasa ba. Yanzu duk wanda ya leƙo zaure sai ya ji cewa ɗansa ya kama rana ya ɗure a kwalba.

An sa aikin idon bayan Sallah, a Kano. Ka taya mu addu'a.

Ƙanwarka,
Rayhana

Gumel, Laraba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya.

Ka san Baba ba ya zuwa Juma'a sai ya sa kwalli. Ashe tun zuwan kwalbar ya juye kwallin tandunsa, ya cika da garinka. Safe da yamma, ina makaranta ko ina girki, yake zizarawa a idon. A ganinsa abin da ke riƙe haske ba zai hana ido haske ba, balle daga hannunka ya fito. Yana jin zafi yana cijewa, wai magani ne ke aiki.

Sai da idon ya kumbura yana zubar da ruwa na gane. Mun je Kano. Likita ya ce garin ya gurje fuskar idon kamar yashi, har ya yi gyambo. An fasa maganar cire yanar. Na tambaye shi ko akwai sauran fata, ya ce sai dai addu'a.

Na yi kuka har na gaji, kuma na rasa wa zan yi fushi da shi. Yanzu ni ke riƙe hannun Baba har ƙofar masallaci.

Ya hana ni faɗa maka, wai kada ka bar karatu. Alhaji Sabo ya nemi a zubar da sauran garin, Baba ya ƙi. Ya ce aikin ɗansa ba shi da laifi, shi ne ya makara sawa.

In ka kira, zai ce maka yana samun sauƙi. Don Allah ka daure ka ce masa alhamdu lillahi.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Rayhana