Taurari Bakwai na Yaya

Litinin, 3 ga Maris
Na raka Mama kai Yaya asibitin masu shaye-shaye. Shekara ashirin da biyu, hankalin ɗan shekara bakwai, amma ya iya ɓoye tsumman sholisho a hula. Likita ta ce, "Kana so ka daina?" Ya ce e. "Kana so ka ci gaba?" Ya ce e, yana washe baki. Yaya bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Wai tsarinsu na masu iya bayani da bakinsu ne. Wata nas ta biyo mu da takarda mai gida bakwai: duk ranar da bai shaƙa ba a zana tauraro, in ta cika za ta roƙar masa gado. Baba ya ce in ba ta cika ba, sarƙa. Ni aka ɗora wa tsaronsa. Ni!

Laraba, 5 ga Maris
Taurari biyu. Mai gyaran waya ya ce min "'yanmata". Girarsa irin ta jarumin littafin da nake karantawa. Na wuce da sauri.

Asabar, 8 ga Maris
Biyar. Lasar takardar yake don murna. Ƙazami.

Lahadi, 9 ga Maris
Babi ɗaya kawai na ce zan ƙarasa. Da na ɗago, ba Yaya. A shagon gyaran waya na same shi, tsumma a hanci, yana rawar agwagwa, mai gyaran waya na ɗaukarsa a waya, ana ta shewa. Ya ce, "'Yanmata, ba yayanki ba ne wannan?" Na ce maƙwabcinmu ne. Ya ce, "Haka ne, gwani?" Yaya ya kalle ni. Ya ce e.

Litinin, 10 ga Maris
Na ce wa Baba takardar ta jiƙe, nas ta ce a sake daga farko. Ƙarya. Ya ce sati ɗaya, daga shi babu ƙari.

Alhamis, 13 ga Maris
Na yage farin shafin bayan littafin, na zana gida bakwai. Ba don komai ba, takarda ce babu. Uku yanzu. Kullum ina miƙa masa tsumma busasshe, ina koya masa ture hannuna. Karɓa yake, ya ce na gode.

Ɗazu, ina yanke masa farce, na ce, "Yaya, ni maƙwabciyarka ce?" Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"A'a."

Littafin saura babi biyu. Bari ya jira.