Lambar Ranar Talata

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ya ƙarin haƙurinmu? Ya jikin Inna, tana dai cin abinci? Ni lafiya lau nake, kada ki damu.

Kin ce Inna na faɗa wa mutane gadin akwati nake yi. Ba ta yi ƙarya ba. Farantai biyu ne na roba a cikin akwatin, ɗaya bisa ɗaya, an naɗe su da baƙin tef. Wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani suna zubowa daga sararin samaniya. Duk wadda ta ratsa farantan sai su ɗan haska, na'ura ta ƙirga, ni kuma in rubuta jimillar kowace awa a littafi.

Da kika ce Baba ya cika ranar Talata bayan la'asar, hawaye bai zo mini ba. Littafin na buɗe na nemo awar. Dubu shida da ɗari biyu, kusan daidai da ta Litinin. Da hannuna na rubuta ta, har na ja mata layi da rula.

Ina zuwa aiki kullum, ina cin abinci.

A ajiye mini hularsa, kada a wanke. Allah Ya jiƙansa.

Ƙaninki