Ruwan Naƙuda

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ciwon gwiwar taki? Ya Babba da karatu? Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Na rubuto ne saboda waya da kunnenki ba sa ga-maciji. Kafin in gama ɗaga murya duk layinmu sun ji sirrina, ke kuwa kina can kina ta "na'am?"

Yaya, ciki gare ni, har ya shiga wata na bakwai. Kada ki yi fushi da na ɓoye miki. Bayan biyun nan da suka zube, na yi wa kaina alkawari ba zan buɗe baki ba sai na ji motsi mai ƙarfi. Yanzu kam shuri ake yi mini kamar na ci bashin wani. Ƙanenki, maigidan nawa, baki ya ƙi rufuwa. Da ya ga ƙafata ta kumbura ba na iya taka keken ɗinki, sai ya kwaso kayan waldarsa ya zo shago ya ɗaura wa keken inji. Yanzu da yatsan ƙafa kawai nake ɗinki.

Amma ba murna kaɗai na kawo miki ba. Tsoro nake ji.

Ranar awo mukan jeru a kan benci tun da safe, kowa da cikinta a gaba. Makon jiya wata mai surutu da ke kusa da ni ta ce, "Asibitin nan in kin shigo da ƙafarki, da ɗinki za ki fita, ko a sama ko a ƙasa." Aka fashe da dariya. Na ce to ni tela ce, sai su bari in ɗinka kayana da kaina. Aka ƙara dariya. Ni ma na yi dariyar. Kin tuna Mai Kitso, maƙwabciyata? Lafiya lau ta tafi haihuwar fari, aka ce naƙudar ta daɗe, aka yanka ta. Ciwon ya ruɓe. Yarinyarta har ta fara tafiya, ita uwar har yau a sunkuye take ɗaukar bokiti.

Ni haihuwar da na sani taki ce, ta ukun nan, a ɗakin Inna. Kina durƙushe kin riƙe ƙafar gado, Inna na bayanki tana shafa miki baya, ni ina miƙo ruwa. Da yaron ya faɗo kika ce in daina kallonki kamar akuya ta ga kura. Irin wannan nake so, Yaya. In durƙusa da gwiwata, in ji abin da mata suke ji, in ɗauki ɗana da hannuna.

Na faɗa wa likitar. Yarinya ce ƙarama, ba za ta girmi Babba da yawa ba, ga gajiya a idonta. Ta ce jinina ya ɗan hau, shekaruna kuma sun ja. Ta ce, "Cikin nan mai tsada ne, ba za mu yi wasa da shi ba." Na tambaye ta ko za a bar ni in durƙusa. Ta ce, "A kan gado ake haihuwa a nan," ta kira ta gaba.

Da Inna na raye da na san inda zan kai kukana. Ki taya ni da addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kuna lafiya. Saƙonki ya iso, zannuwan sun yi kyau ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na ji kin ce in kwantar da hankalina. Ina ƙoƙari.

Ranar haihuwar da suka ɗibar mini ta zo ta wuce, shiru kake ji. Likita ta ce in zo a kwantar da ni a sa mini ruwan naƙuda, wanda ake ɗaurawa a hannu ya taso da haihuwa. Surukata ta ce sam. Ta zauna a tsakiyar ɗakina ta ce, "Ɗa ba a tsinko shi ɗanye. In ya nuna da kansa zai faɗo. Ni takwas na haifa, ba wanda ya duba mini kalanda." Ƙanenki ya rasa inda zai sa kansa. In ya dubi uwarsa ya ce gaskiya ne, in ya dubi ƙafata da ta koma kamar turmi ya ce mu tafi. Abinci ma ya daina ci sosai.

Na koma na roƙi likitar ta ba ni mako ɗaya. Ta ɓata rai, amma ta yarda, da sharaɗin in riƙa zuwa ana auna jinin. Da na fito, wata tsohuwar nas mai tabarau ta ja ni gefe, bakin ɗakin da suke ajiye magani. Na ce mata, "Mama, don Allah ki faɗa mini gaskiya, in 'yarki ce me za ki ce mata?"

Ta cire tabarau tana gogewa, ta ce, "'Yata, ba zan yi miki ƙarya ba. Jira yana da haɗarinsa, ruwan ma yana da nasa. Na ga wadda ta jira ta haihu lafiya, na ga wadda ta jira ta tafi gida hannu wofi. In 'yata ce, ni ma kuka zan yi."

Ita kaɗai ce a wurin ta yi mini magana kamar ni mutum ce, amma ba ta sauke mini komai ba.

Makon nan ba abin da ban yi ba. Na yi tafiya safe da yamma har ƙarshen layi, na hau benen shago na sauko, na share gida a sunkuye, na yi wanki. Har magana nake yi wa cikin, ina cewa fito mana, kada ka sa a taɓa uwarka. Marata ta ɗan murɗa sau ɗaya, na yi murna na haɗa kaya, sai ta lafa.

Yau da safe na tashi da ciwon kai, ina ganin wasu taurari suna gilmawa a idona. Motsin ma ya ragu. Ƙanenki ya ce shi dai ya gama shawara da kowa. Surukata ta fita ba ko sallama. Yana can ya tafi neman mota, ni kuma na ce bari in rubuta miki kafin ya dawo. Zan je, Yaya, amma ji nake kamar tunkiya da aka sa wa igiya.

Ki yafe mini duk abin da na taɓa yi miki.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Na san ƙanenki ya kira maigidanki ya ce an sauka, mace ce, kowa na raye. Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba. A kwance nake rubutun nan, ki yi haƙuri da hannuna.

Da muka isa suka kwantar da ni rigingine, suka ɗaura mini wani bel a ciki mai jin bugun zuciyar yarinya, suka sa ruwan. Da farko shiru. Wata nas ta zo ta duba ta ce ba ya ci, ta ƙara gudunsa. Daga nan ban ƙara sanin kaina ba. Ke kin ce mini naƙuda tana zuwa tana tafiya, mace ta samu ta numfasa. Wannan ba ta tafiya. Kafin ɗaya ta sake ni wata ta kama. Na roƙe su su bar ni in juya, in durƙusa ko na ɗan lokaci, bayana kamar zai tsage. Suka ce bel ɗin zai goce. Na tambayi inda mai tabarau take, aka ce ta tashi daga aiki. Ƙanenki kuwa an tsayar da shi a waje, maza ba sa shiga. Mu shida ne a ɗakin, nas biyu, kowa na ihun nata.

Can sai na ji wani abu ya yage a cikina, ciwon ya ɗauke ɗif. Wallahi har na ji daɗi, na zaci hutu ne. Sai na ga fuskar nas ɗin ta canza. Aka fara gudu, ana tura gadona, fitilun silin suna wucewa ta kaina. Wani yana cewa a kawo jini. Ban ga fitowar 'yata ba, ban ji komai ba.

Da na farka, likitar nan ƙarama tana zaune a bakin gadona. Ba ta taɓa zama kusa da ni ba sai ranar. Ta ce mahaifata ta fashe, jini ya ƙi tsayawa, ba yadda za su yi su cece ni sai da suka cire ta. Na ce, "Kun cire me?" Ta maimaita. Na ce, "To yaushe za a mayar?" Ki ji fa, Yaya, kamar wadda ba ta da hankali. Sai ta kama hannuna, idonta ya cika. Ban iya ƙwace hannun ba, ban kuma iya riƙe nata ba.

Yarinyar tana ɗakin jarirai cikin kwalba. Ba ta yi kuka ba da aka ciro ta, sai da suka sha fama, kuma ta yi jijjiga. Jiya aka tura ni a keken marasa lafiya na gan ta ta gilashi. Ga roba a hanci, ga allura a kai inda suka aske mata gashi. Doguwa ce, yatsunta irin na Inna. Na tsaya ina jiran in ji abin da uwa take ji. Abin da na ji kawai ɗinkin cikina yana ja.

Masu dubiya suna ta zuwa suna barka da arziki. Ina amsawa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina sanar da ke an sallame mu, muna gida. Takardarki ta zo, na karanta ta har ta yi laushi.

Yarinyar tana nan. Ba ta iya kama nono sosai, nonon ma bai zo da kirki ba, da cokali nake ɗiga mata madara. Wuyanta da hannunta na dama sun saki, ba ƙarfi. Na tambaya ko za ta zauna, ko za ta yi tafiya, ko za ta kira ni. Suka ce sai lokaci ya nuna.

Da muka koma a duba ɗinki, wani babban likita mai furfura ya duba ni ya ce da na yarda tun ranar farko, ban ƙara makon nan ba, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Da muka fito muka haɗu da mai tabarau a baranda. Ta rungume ni, ta raɗa mini cewa ita a ganinta ruwan ne aka sakar mini da gudu, kuma ba wanda ya tsaya a kaina. Ta ce amma ba ta wurin, ba za ta rantse ba. To ki faɗa mini, Yaya, wanne zan ɗauka? In na ɗauki na likita, ni na yi wa 'yata haka da taurin kaina. In na ɗauki na nas, ni na kai ta da ƙafata na miƙa musu. Ko ta ina na juya, ni ce a wurin.

Surukata ta dawo, tana taimako, ba zan ci haƙƙinta ba. Amma shekaranjiya na ji ta a kicin tana ce wa ɗanta, "Ai na faɗa." Shi kuma ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba tunda na san shi, sannan ya fita ya zauna a bakin ƙofa ya rufe fuska. Yana ce mini yarinyar kaɗai ta ishe shi, ko ba ta taɓa tafiya ba zai goya ta. Na yarda da gaske yake. Amma ba ma iya haɗa ido.

Shago yana rufe. Wata ta aiko a ɗinka mata rigunan masu ciki, na ce a ce mata ba na nan.

Kowa ya shigo sai ya ce in gode wa Allah da na rayu. Na gode masa, Yaya, shi ne shaida. Amma da na buɗe baki zan ce wani abu bayan godiyar, sai a ce in yi shiru kada nono ya ƙafe.

Ki zo. Na san gwiwarki, na san nisan hanya, ban taɓa roƙonki irin wannan ba. Ba girki nake so ki yi mini ba, akwai masu yi. So nake ki karɓi yarinyar nan daga hannuna, ki rufe ƙofa, ki bar ni in yi kukana har in gama, kada ki ce mini komai. In na gama sai ki miƙo mini ita. Wataƙila a lokacin in iya kallonta in ga 'yata, ba abin da aka yi mana ba.

Ga ta nan ta farka, bari in dama madara.

Ƙanwarki mai jiran ki,
Auta